Wa ya taɓa hawa Bagazam? Muna son zuwa a hutun Disamba

Ɗan Karkada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni da abokaina uku na jami'a mun yi shawarar in an ba da hutun Disamba mu hau Agadas, daga can mu wuce Tabalot, mu hau dutsen Bagazam da ƙafa, mu yi kwana huɗu ko biyar a sama. Burinmu mu taka ƙololuwarsa, Idukal-n-Tagas, wanda tun muna lakwal ake ce mana mita 2,022 ne, babu wurin da ya kai shi tsawo a Nijar. Mun samu aron tanti biyu, na kuma sauke taswira a waya, mai aiki ko babu rezo. Tambayata biyu ce: me za mu ɗauka, kuma dole ne sai mun ɗauki jagora? Aljihun ɗalibi kun san shi. Mun fi son mu bi inda ba kowa, mu kaɗai.

Gwaggon Yara: Wa alaikumus salam. Ɗana, me ka ajiye a kan dutsen da za ka je ɗaukowa? Ga duwatsu nan zube a Birni, ka je ka hau har ka gaji, ka dawo ka ci tuwo. Ni dai dutsen da na taɓa hawa a duniya guda ne, na Hira a Makka, shi ma sai da gwiwata ta yi sati tana min tsiya. Babanku ya sani?

Sarkin Musu: Gwaggo kin gama magana. Wannan aikin Turawa ne, waɗanda suka ƙoshi har suke biyan kuɗi su sayi wahala. Mu da muke bin layin famfo da bido tun asuba, wace wahala ce kuma za mu je nema a Abzin?

Tsohon Mushe: Sarkin Musu, a hankali. Ɗan Karkada, ni na yi aikin koyarwa a ƙasar Tabalot shekaru kafin in dawo Damagaram, kuma na hau Bagazam sau uku. Bari in faɗa maka abin da idona ya gani, sai ka auna.

Da farko, ka cire a ranka cewa wani tsauni ne mai tsini da za ka hau ka sauko. Bagazam faffaɗan tudu ne, kamar an ɗauki ƙasa guda an ɗora a kan bango, kusan kilomita 40 a tsawo, wajen 20 a faɗi. Wahalar tana jikin bangon. Mu ta wani kwazazzabo muka bi mai suna Igalabalaban, inda ruwa ke tsattsafowa daga dutse, ga dabino a ƙasa. Hanyar jakai ce, dutse a kan dutse, wani wurin sai ka sa hannu. Hawan farko da na yi, takalmin roba na sa irin na kasuwar Dole, ina ganin ai ni ɗan ƙauye ne, na saba da tafiya. Kafin azahar na dama ya rabu biyu. Wani dattijo da muke tare da shi ya zauna, ya ciro igiyar kaba daga kayan jakinsa, ya ɗaure min shi da ƙafar gaba ɗaya kamar an ɗaure kaza za a kai kasuwa. Bai yi dariya ba, bai ce komai ba. Yaran da ke kora jakan ne suka yi dariyar har muka kai sama.

Na biyu, sanyi. Kai ɗan Damagaram ne, kana ganin ka san hunturu. Ba ka san shi ba. A lissafin da muke koya wa yara, duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Damagaram ba ta kai mita 500 ba. Ka ga tsakaninmu da ƙololuwar akwai kusan digiri 10, ga iska da babu abin da ke tare ta. Ka tuna asubar Janairu da ta fi kowace sanyi a Karkada, ka cire mata goma. Ni da idona na ga ruwan buta ya yi ɓawo a sama, sai da na sa yatsa na fasa kafin in yi alwala. Wannan daren ban runtsa ba, bargo ɗaya na je da shi. Sanyin ma ta ƙasa yake shigowa, dutsen ne ke zuƙe ɗumin jikinka. Abin shimfiɗa mai kauri ya fi maka tantin nan amfani.

Na uku, kada ku ɗauki wake. Na ɗora shi bayan la'asar, har aka yi isha yana nan kamar tsakuwa. A can sama ruwa kan tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a nan ba, wajen digiri 93 ko 94, ga itace na da wuya. Taliya, garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, cuku, shayi da sukari. Abin da zai dahu da wuri ko wanda ba ya son wuta.

Ɗan Karkada: Mushe na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Wallahi wake na cikin lissafinmu, har tiya biyu. To maganar jagora fa? Taswirar tana nuna hanyoyi har da sunayen ƙauyuka.

Direban Arewa: Ƙanena, bari in shigo nan, don wannan fannina ne. Shekara da shekaru ina bin hanyar Damagaram zuwa Agadas ta Tanut da Adarbisinat, wajen kilomita 450, kuma na sha ɗauko albasa da dankali daga Tabalot. Taswirarka za ta nuna maka layi. Ba za ta gaya maka cewa rijiyar da ke jikin layin ta ƙafe tun bara ba, ko cewa jiya an tare mota a wurin. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014 hanyoyin arewa suka canza, mutane iri-iri ke yawo da makamai, 'yan fashi sun yi yawa. Sannan lokacin tawayen 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a wasu sassan Abzin. Shi ya sa mu direbobi ba ma barin sawun da mota ta bi, ko da ya fi nisa. Wannan "inda ba kowa" da kake so, shi ne daidai wurin da ni ba na zuwa.

Shawarata: daga Agadas ku shiga motocin kasuwa da 'yan garin ke shiga, kada ku yi hayar katkat ku kaɗai kamar masu kuɗi. Kowa da katinsa na ɗan ƙasa. Kuna sauka Tabalot ku je wurin jandarma da mai gari ku faɗi ko ku su waye, ina za ku, yaushe za ku sauko. Kuma ku tambayi halin da hanya ke ciki a satin da za ku tashi, labarin wata uku da suka wuce ba ya aiki. A farkon 2025 a cikin garin Agadas aka sace wata Baturiya, ballantana daji.

Sarkin Musu: To kun ji. Nakiya, fashi, sanyi, wake ba ya dahuwa. Saura me? Ni ban ga abin musu ba a nan.

Jikan Madugu: Tun ɗazu nake karantawa ina shiru. Ni a Zango aka haife ni, amma kakana mutumin Abzin ne, da ayari ya riƙa zuwa har ya zauna. Muna da dangi a Timiya da kuma saman Bagazam, nakan je. Ɗan Karkada, kalma ɗaya ce a maganarka ta tsaya min a wuya, wato "inda ba kowa". Akwai kowa. A saman nan akwai ƙauyuka, da masallatai, da lakwal, da garake. Tafarnuwa da dankalin turawa da albasar da kuke saye, wasu daga can jakai suka sauko da su ta wannan hanyar da Mushe ya ba da labari. Matar da ciki ya zo mata da gardama, ta nan ake sauko da ita. Abin da kai za ka je yi don nishaɗi, wani yana yin sa sau biyu a sati da buhu a gaba.

Saboda haka jagora ba don kada ka ɓata kaɗai ba ne. Gidan mutane za ka shiga. Kai a Birni, baƙo zai shigo unguwa ya kafa tanti a bayan gidan wani ba sallama, ya sa sabulu ya yi wanka a randar gidan? To ruwan da ke taruwa a kwarmin dutse, wanda muke kira agalmam, shi ne randarsu. Mutum ya sha, akuya ta sha, na wata da watanni. In kun sa masa omo kun kashe shi. Jagora ne zai ce muku a nan ake ɗiba, a can ake wanki, wannan itacen ba a sara, wancan wurin maƙabarta ce kada a taka.

Kuma Sarkin Musu, da kake cewa aikin Turawa ne: unguwar da ake kira Zango, zangon su wa ne? Ayarin Abzinawa kan tashi da kaka su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma su ɗauko gishiri da dabino, su dawo, su gangaro Damargu da Damagaram har Kano su sayi gero. Da ƙafa, suna jan raƙuma, suna kwana a fili. Baturen nan Barth da ya ratsa Abzin a 1850, bin ayari ya yi, ba shi ya nuna musu hanya ba. Gobirawa ma tarihinsu ya nuna a Abzin suka zauna kafin su yi kudu. Har dokin da mawaƙan sarakuna ke yabo, bagazam, daga ina ya samo sunan?

Sarkin Musu: Su fatauci ya kai su, riba suke nema. Shi wannan hoto zai je ɗauka ya sa a Facebook.

Jikan Madugu: Wannan kuma gaskiyarka ce, ban musa ba. Amma ko hoton ne, gara ɗan Damagaram ya san ƙasarsa da idonsa. Tun 1991 UNESCO ta sa gandun Ayir, wato Abzin, da Tenere cikin kayan tarihin duniya, mutanen Faransa da Jamus sun fi mu sanin abin da ke ciki. Lokacin su marigayi Mano Dayak, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa, ɗaruruwan mutane da sana'ar kai baƙi yawon buɗe ido suke ci: jagorori, masu raƙuma, masu dafa abinci, maƙera. Tawaye ya zo, aka kuma sace ma'aikata a Arlit a 2010, baƙi suka ɗauke ƙafa. Waɗannan mutanen suna nan, wasu sun koma garka, wasu sun tafi haƙar zinariya. In 'yan ƙasa suka fara zuwa, ko ba yawa, wani zai samu na shayi. Kuma ba kuɗin Bature za a caje ku ba. Ku yi ciniki da Hausa, kusan kowa na ji. Ku haɗa da mai jaki ɗaya ko biyu, jaki ya ɗauki ruwa da barguna, ku ku ɗauki kanku.

Gwaggon Yara: Yau na ji abin da ban sani ba. Ashe tafarnuwar da nake dakawa ta fi ni yawon duniya.

Majo: Bari in sa baki ta ɓangaren lafiya, don na ga ana ta maganar takalmi da bargo. Wani ya turo min saƙo a gefe yana tambaya ko iska za ta ƙare musu a sama. A'a. Ciwon tsauni, mai sa ciwon kai da amai da jiri, galibi daga mita 2,500 zuwa sama yake fara kama mutane. Wannan matsalar masu hawa Kilimanjaro ce, mai mita 5,895, ko Emi Kusi na Chadi mai 3,415, inda dole a riƙa hawa kaɗan-kaɗan ana kwana don jiki ya saba. A Bagazam za ku yi haki, amma hakin rashin sabo ne.

Abin da nake tsoro uku ne. Ƙishirwar da ba a ji: iskar busasshiya ce, ga sanyi, mutum ba ya jin yana zufa, sai ya wuni bai sha ba. Ku duba fitsarinku, in ya yi ja kamar shayi, kun makara. Kowa ya yi lissafin lita 4 a rana in ana tafiya. Sai gudawa: ruwan kwarmin dutse a tafasa shi kafin a sha. Ku riƙe gishiri da sukari, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sai targaɗe ko karaya, wanda ya fi faruwa a saukowa, lokacin da ƙafa ta gaji mutum kuma na sauri. Ku riƙe bandeji da sanda. Da safe a kakkaɓe takalmi da bargo saboda kunama.

Tambaya mafi girma: a cikinku akwai mai sikila ko asma? Mai sikila, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala da tudu, duk abin da ke tayar masa da ciwo ne, ga su an haɗa a wuri ɗaya, asibiti kuma na nesa. In akwai, kada ya je. Ba na sassauta wannan.

Ɗan Karkada: Majo, kin taɓo wurin. Ɗaya daga cikinmu yana da ita, amma ya ce ya daɗe bai kwanta ba, kuma shi ya fi kowa ɗokin tafiyar. Tantin ma nasa ne.

Majo: Ya ba ku aron tantin. Ka ce in ji ni. In ya ƙi ji, ka haɗa ni da shi, ko ka gaya wa mahaifiyarsa, ita za ta gama aikin.

Almajirin Garin Malam: Allah ya saka wa Majo. Ni kaɗan zan ƙara. Fita don ganin halittar Ubangiji ba wasa ba ne in niyya ta yi kyau, Alƙur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Amma da sharaɗi. Izinin iyaye tukuna, Gwaggo ta tambaya ɗazu ba a ba ta amsa ba, na lura. Sannan ku naɗa shugaba a tsakaninku, haka hadisi ya ce in mutum uku suka fita tafiya, don ranar da ɗaya ya ce a ci gaba ɗaya ya ce a koma, a san maganar wa za a bi. Tafiyarku ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, sai ku riƙa yin raka'a biyu, sai fa in kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda, nan za ku cika. In ruwan da ke hannunku na sha ne kawai, ko sanyin zai cutar da ku, taimama ta halatta, kuma a mazhabarmu ana yin ta a kan dutse. Kada wani ya yi jarumtar wanka da ruwan ƙanƙara da asuba ya jawo wa mutane jinya.

Tsohon Mushe: Malam ya tuna min wani abu. Wurin kwana. Za ku ga ƙorama busasshiya, yashi mai laushi, babu iska, ranku zai so wurin. A Disamba da wuya a yi ruwa, amma ku saba tun yanzu da rashin kwana a cikin ƙorama. A Abzin ruwa kan sauka a wani dutse da ba ka gani, kai kana ƙarƙashin taurari, sai dai ka ji ruri. Mutanen Agadas ba su manta da abin da ruwa ya yi musu a Satumbar 2009 ba. Kuma sanyi ma a kwari yake taruwa da dare. Ku nemi gefen dutse mai ɗan tudu wanda ya ba iska baya.

Ban faɗi daɗin ba, kada Sarkin Musu ya ce duk azaba ce. Daren da na fasa ƙanƙarar buta, dattijon nan mai igiyar kaba ya tona rami a toka, ya kwaɓa gari, ya binne, ya rufe da garwashi. Tagalla suke ce mata. Da ta gasu ya kakkaɓe, ya gutsuttsura cikin miya. Muna ci yana nuna min taurari da sunayensu, wanda ake bi zuwa Bilma, wanda in ya fito sanyi ya kama. Ban taɓa ganin sama ta matso kusa haka ba, kaza da 'ya'yanta kamar ka miƙa hannu. Da gari ya waye muka ga rema a kan duwatsu suna shan hantsi, da sawun ragon dutse, shi kansa bai yarda mun gan shi ba. Ni da nake mushe, da takarda da komai, a wannan tafiyar ni ne ɗan aji ɗaya.

Sarkin Musu: Mushe ka iya ba da labari, har na ji ƙamshin tagallar. Amma ina nan kan bakana: wanda bai taɓa kwana a waje ba sai a layin famfo, kada ya fara da Bagazam. Ga duwatsun Kutus nan wajen Kelle, cikin jiharmu, ta Gure. Su je su yi kwana biyu da kaya a baya su ga ko ƙafarsu za ta ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Direban Arewa: Yau dai Sarkin Musu ya faɗi ta hankali, a rubuta ranar.

Jikan Madugu: Na yarda da wannan. In kun shirya, ka yi min magana a gefe, in tambayi dangi wa zai karɓe ku a Tabalot. Abu biyu kawai. Ku riƙe shayi da sukari na gaisuwa ga gidan da kuka sauka, shi ne goron can. Kada ku bi yara da alewa kuna ɗaukar hoto, kuma mace ko dattijo a tambaya kafin a ɗaga waya. Ledojinku da gwangwanin sardin ku sauko da su, akuya na cin leda ta mutu, kuma akuyar nan ita ce bankin mai ita. In lokaci ya ba ku dama ku biya Timiya, sama da kilomita 200 daga Agadas, lokacin lemu ne, ga rumman. Amma wannan wata tafiyar ce daban, kada ku haɗa biyu ku rasa duka.

Ɗan Karkada: Na gode muku duka, iyaye da yayye. Ga inda muka tsaya bayan na karanta wa abokaina: jagora da jaki dole, wake ya fita, za mu gwada Kutus a ƙarshen wata. Mai tantin ya yi fushi, ya ce zai yi tunani. Maganar Baba kuma, Gwaggo, gaskiya ban faɗa masa ba tukuna. Ina jiran ranar da ya dawo kasuwa da fara'a.

Gwaggon Yara: Ka same shi bayan ya ci tuwon dare, kada ka fara da maganar nakiya. In ya yarda, tafarnuwa tiya ɗaya nake so, ta saman dutsen, ba ta tashar Agadas ba, zan gane. Kuma ka zo ka karɓi bargon Alhaji na Makka, mai nauyin nan, yana cikin adaka ba abin da yake yi.

Tsohon Mushe: Takalmin da za ka je da shi, ka fara sa shi tun gobe. Lamba nawa kake sawa? Ina da wani na fata da ban ƙara taɓawa ba tun da gwiwa ta hana.

Ɗan Karkada: 43, Mushe.

Tsohon Mushe: Nawa 41 ne. Sai dai ka nemi igiyar kaba.